iBiology: wata uku ina kallon lakcocinsu a waya, ga abin da na gani

Abin da ya kai ni shafin iBiology tun farko saƙon WhatsApp ne, irin wanda ake yawo da shi duk shekara in azumi ya gabato. Kawuna ne ya jefo shi a guruf ɗinmu na gida, wai wani likita ɗan Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya gano cewa azumi yana sa jiki ya cinye ciwon daji da duk wata cuta da ta ɓuya a cikinsa, sai ya ƙara a ƙasa da cewa "Malamin bayoloji, sai ka tabbatar mana." To ni dai na daɗe ina koyar da bayoloji a sakandare, na san sunan mutumin, Yoshinori Ohsumi, na san a 2016 aka ba shi kyautar, na san kalmar otofaji, wato yadda sel (ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita) yake narkar da kayan cikinsa ya sake amfani da su, tun muna jami'a, amma yadda mutumin ya gano abin da kuma abin da ya yi aikin da shi, wannan ba a taɓa koya mana ba, layi biyu ne a handawut muka haddace muka wuce. Na ce masa "Kawu ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in bincika kar in faɗi abin da ba shi ke nan ba." Kwana biyun nan ne ya zama wata uku, kuma rabin lokacin a iBiology na ƙarar da shi.

Ga wanda bai sani ba, iBiology shafi ne na bidiyon lakcoci wanda wani masani mai suna Ron Vale ya kafa a 2006 lokacin yana jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko a Amurka. Kyauta ne, ba ka biyan ko sisi banda datarka, kuma bidiyoyin suna YouTube ma. Tsarinsu mai sauƙi ne, mutumin da ya yi binciken da hannunsa shi za a kawo ya tsaya, hotunan aikinsa suna bayansa kamar allo, yana nunawa yana bayani, yawanci a raba maganar kashi biyu ko uku, na farko na share fage ne wanda ɗan aji ɗaya a jami'a zai iya bi, na gaba kuma a nutsa cikin aikin sosai. Wannan rabon shi ne abu na farko da zan yaba musu, domin ba su ɗauka kowa ya sani ba kuma ba su raina wa mai kallo hankali ba.

Na shiga neman otofaji ne amma sai na faɗa kan lakcar Randy Schekman na jami'ar Berkeley a kan yadda sel yake tura kaya daga wani sashe zuwa wani, na ce bari in ɗan leƙa minti biyar, wallahi har aka ɗauke wuta wayar ta kusa mutuwa ban ajiye ba. Maganar ita ce, sel ɗinka yana ƙera furotin a wani sashe na cikinsa da ake kira ER, amma da yawa daga cikin furotin ɗin ba a nan za su yi aiki ba, wasu waje za a fitar da su gaba ɗaya kamar insulin, to sai a ƙulle su a cikin wasu ƴan jakunkuna na tantani da ake kira besikul, kamar dai yadda mai shago yake ƙulla gishiri a leda, a tura su wani sashe mai suna Golgi a gyara a tantance, daga nan a sake ƙullewa a kai bakin sel a juye. Wannan hanyar George Palade ne ya zana ta da madubin ilektiron, wato na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, tun da daɗewa, ya samu Nobel a 1974. Mu ma haka muke zana wa yara a allo da kibiyoyi. Abin da babu wanda ya sani a lokacin shi ne su waye ƴan kamashon tashar, wa yake ƙulla kayan, wa yake rubuta adireshi, wa yake karɓa in an isa.

Nan ne lakcar ta kama ni. Schekman ya zo Berkeley a 1976 ya ce shi da yis zai yi aiki, yis ɗin nan dai da ake kwaɓa burodi da fanke da shi. Dabarar da suka yi shi da ɗalibinsa Peter Novick tana da kyau ƙwarai, tunda in ka lalata hanyar fitar da kaya gaba ɗaya yis ɗin mutuwa zai yi ba ka da abin dubawa, sai suka nemo masu wata irin tawaya wadda a digiri 25 lafiya lau suke rayuwa, amma da zarar an kai su digiri 37 sai injin ya tsaya cak. Kuma da yake ƙera furotin bai tsaya ba fitarwar ce kawai ta tsaya, sai kaya su yi ta taruwa a ciki har sel ɗin ya fi ƴan uwansa nauyi, to da wannan nauyin suka riƙa ware su a injin juyi, masu tawayar su nutse ƙasa. Ya nuna hoton na farkon da suka samu wanda suka sa wa suna sec1 a 1979, cikin sel ɗin ya cika maƙil da besikul kamar tasha ranar da direbobi suka tafi yajin aiki, kaya jibge ba mai ɗauka. Na tsayar da bidiyon a wurin nan na buɗe hoton da yatsu biyu na daɗe ina kallo. Zuwa 1980 sun kai ƙwayoyin gado 23, wasu in sun lalace kaya a ER suke maƙalewa, wasu a Golgi, wasu sai an zo bakin ƙofa, da haka suka jera matakan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya bambanta wannan da littafin makaranta shi ne kana jin dalilin kowane mataki daga bakin wanda ya taka shi. Littafi zai ce maka COPII ne yake lulluɓe besikul ɗin da ke fita daga ER, shi ke nan, ka haddace. Shi kuwa zai kai ka har inda suka fasa sel suka kwashe kayan cikinsa suka sake haɗa aikin a cikin kwalbar gwaji, suna cire wannan furotin su ga me zai faru su mayar da wancan, har suka gane a 1994 cewa ƴan ƙalilan ne suke aikin, Sar1 ya fara sauka a kan tantanin, sai Sec23 da Sec24 su zo su zaɓi kaya, sai Sec13 da Sec31 su yi musu keji daga waje har ƙullin ya tsinke. Sunayen suna da gajiyarwa a karon farko, ba zan ɓoye ba, amma da yake ka ga yadda aka samo kowanne sai su zauna maka a kai ba tare da hadda ba.

Kuma kar wani ya ce ina ruwanmu da yis. Sanin yadda yis yake sarrafa furotin ne ya sa kamfanoni suke amfani da shi wajen ƙera insulin na masu ciwon suga, kuma rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jariranmu a asibiti a cikin yis ake samar da shi. A 2013 aka ba Schekman kyautar Nobel tare da James Rothman da Thomas Südhof. Rothman shi ya fito da furotin ɗin SNARE masu sa besikul ya manne da inda aka aike shi ya juye kayansa, Südhof kuma ya nuna yadda kalsiyam yake ba da umarnin juyewar a jijiyoyin ƙwaƙwalwa cikin ƙiftawar ido. Da na fahimci SNARE sai na gane tetanus, cutar sarƙe-haƙoran nan da muke tsoro in ƙusa ta soki yaro, ashe gubarta yanka ɗaya daga cikin furotin ɗin nan take yi, sai saƙon da zai ce wa tsoka ta saki ya kasa fita, jiki ya sandare. Shekara nawa ina koyar da tetanus a babi ɗaya, sel a wani babin, ban taɓa ɗaura su da igiya ɗaya ba sai a nan.

Lakcar Ron Vale ɗin kansa ita na kai aji. Shi aikinsa a kan ƴan dakon cikin sel ne, domin besikul ba yawo yake yi haka kawai ba, akwai wasu zaruruwa kamar layin dogo, akwai kuma furotin masu ƙafa biyu da suke ɗaukar kaya suna takawa a kai. A 1985 shi da abokan aikinsa suka gano ɗaya daga cikinsu mai suna kainisin ta hanyar amfani da ƙatuwar jijiyar wata halittar teku da ake kira sukwid, a cibiyar binciken teku ta Woods Hole. Kowane taku na kainisin nanomita 8 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma kowane taku yana cin ATP ɗaya, wato makamashin da sel yake aiki da shi. Ba mu da majigi, don haka wayata na ɗora a kan kwalin alli na ce su zo layi-layi, ƴan SS2 ne sun fi sittin, ajin da in kana magana sai ka ɗaga murya amma ranar tsit kake ji. Wata yarinya da ke zama can baya wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba, da ta ga abin yana ɗaga ƙafa yana saukewa da kaya a kansa sai ta ce "Malam, yanzu haka wannan abin yana tafiya a jikina?" Na ce ƙwarai kuwa, a jijiyar da ta taso daga bayanki har yatsan ƙafarki. Ta kalli ƙafarta ta yi shiru. Wannan kallon da ta yi wa ƙafarta ya biya ni duk datar da na ƙona.

To sai batun Kawu. A nan na haɗa da shafin kyautar Nobel, wanda shi ma kyauta ne, akwai bidiyon lakcar da Ohsumi ya gabatar a Sitokholm a watan Disamban 2016 da hotunan da ya nuna da kuma tarihin rayuwarsa. Shawarata ita ce kar ka fara da shi, ka fara da iBiology tukuna, domin otofaji ɗin ma harkar tantani ce da ƙulli da juyewa, in ka riga ka gane besikul to rabin hanya ka yi. Kalmar otofaji kanta, wadda ma'anarta cin kai, Christian de Duve ne ya ƙirƙiro ta a 1963, shi ne kuma ya gano laisozom, jakar da sel yake narkar da kaya a ciki. Sel yana kewaye wasu kayan cikinsa da tantani mai ninki biyu, tsofaffin furotin ko maitokondiriya, injin makamashin sel, da ta lalace ko ma ƙwayar cuta da ta kutso, ya rufe ruf ya kai laisozom a narkar, a dawo da abin da aka samu a sake gini da shi. Aikin ƴan gwangwan ke nan sak, tsohon ƙarfe ya koma tukunya.

Ohsumi sai da ya kai shekara 43, a 1988, sannan ya samu ɗan ɗakin gwaji nasa na kansa a jami'ar Tokyo. Shi ma da yis ya yi aiki. Tunaninsa shi ne in har yis yana kai kaya cikin bakiyol ɗinsa, wato nasa laisozom ɗin, ya narkar, to bari a samo wanda ba shi da sinadaran narkarwar a hana shi abinci a gani, ai kayan za su taru. Haka kuwa aka yi, cikin ƴan awanni ya leƙa madubi na yau da kullum, ba ma na ilektiron ba, ya ga ƴan ƙwallaye sun cika bakiyol suna ta rawa. Ka lura dabarar tasa ƴar uwar ta Schekman ce, toshe hanya ka ga abin da zai taru. Ya wallafa wannan a 1992, a 1993 kuma shi da ɗalibarsa Miki Tsukada suka fitar da ƙwayoyin gado 15 da aikin ba ya yiwuwa sai da su, waɗanda daga baya aka haɗa sunansu ya zama ATG. Daga nan fagen ya buɗe. Tamotsu Yoshimori ya fito da wani furotin mai suna LC3 a 2000, alamar da har yau ake bin sawun otofaji da ita a jikin dabbobi, Noboru Mizushima kuma ya nuna a 2004 cewa jariran ɓeraye da ba su da Atg5, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon nan, ba sa wuce kwana guda bayan haihuwa, saboda tsakanin yanke cibiya da kankamar shan nono akwai wata yunwa da jariri yake tsallakewa ta hanyar cin abin da ke jikinsa. Wannan binciken ya tsaya min a rai sosai, Allah mai iko.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ya fi burge ni, kuma da ban bi ta iBiology ba da ba zan gane shi ba. Tambayar da ta daɗe tana wahalar da masana ita ce, tantanin da ake ƙulla jakar otofaji da shi daga ina yake zuwa? A 2013 ɗakin gwajin Schekman, aikin wani matashi Liang Ge, ya nuna cewa wani zango da ke tsakanin ER da Golgi yana daga cikin manyan masu ba da shi. Susan Ferro-Novick ma, wadda a hannun Schekman ta yi digirinta na uku kuma yanzu take jami'ar Kalifoniya ta San Diyego, ta gano wani rukunin furotin mai suna TRAPP da ke taimaka wa besikul ya sauka inda aka aike shi, daga baya aikinta ya nuna wani nau'insa yana aiki a otofaji, har da yadda sel yake gutsurar ER ɗin kansa ya kai narkarwa. Wato ma'aikatan da suke lodin kaya zuwa kasuwa, in yunwa ta zo su ne ake karkatar da wasunsu zuwa kwasar gwangwan.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki, klorokwin ɗin nan da muka sha muna yara har jiki ya yi ta ƙaiƙayi kwana biyu, ashe a ɗakunan gwaji na duniya da shi ake toshe ƙarshen otofaji in ana son a auna ta, domin taruwa yake yi a laisozom ya hana aikin kammaluwa.

Da na koma wurin Kawu ban rubuta a guruf ba, gida na je na same shi bayan la'asar. Na ce Kawu, gaskiya ne an ba mutumin kyauta, gaskiya ne kuma yunwa tana tayar da otofaji, amma aikin da aka ba shi kyautar a kai da yis ya yi shi, bai tara masu azumi ya gwada su ba, bai yanka wasu awanni ya ce daga nan jiki yake fara wanke kansa ba, kuma bai ce azumi yana warkar da daji ba. Hasali ma batun daji yana da fuska biyu, otofaji tana iya kare lafiyayyen sel daga lalacewa, amma in ciwon ya riga ya kafu shi ma yana amfani da ita ya jure yunwa da magani, shi ya sa ake gwada toshe ta a wasu marasa lafiya. Ya yi shiru ya ce "To ai mu dama ba don Nobel muke yi ba, umarni ne." Na ce haka ne ranka ya daɗe. Abin da ya dame ni Gwaggo ce, tana da suga kuma ta ga saƙon, har ta fara cewa bana ajiye ƙwayoyinta za ta yi tunda azumi ma magani ne. Na zauna kusa da ita na ce Gwaggo don girman Allah kar ki taɓa maganin nan sai kin ga likitanki ya tsara miki yadda za ki sha da sahur da buɗa-baki, ta ce "To ɗan nan, ka kai ni ranar Talata." Na kai ta.

Yanzu abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya shiga. Da Turanci ake lakcocin, kuma Turancin masana ne, wani lokaci da sauri. Ni abin da nake yi shi ne in kunna rubutun da ke bi ta ƙasa in rage gudun bidiyon zuwa 0.75, in ajiye biro da takarda, in ya ambaci sabon suna in tsayar in zana. Kashi na farko ɗalibin da ya gama sakandare da ƙwazo zai iya bi, amma na biyu da na uku suna son wanda ya ɗan taɓa bayokemistiri, in ba haka ba za ka ji kamar an sake ka a tsakiyar kasuwar da ba ka san yarenta ba. Ba wurin shirin WAEC ko JAMB ba ne, ba za su ba ka amsar tambayoyin jarrabawa ba, wanda yake neman wannan ya nemi wani wurin. Sai batun data, kowace lakca takan kai wajen rabin awa ko fiye, ga netwok ɗin unguwarmu da sai ka fita tsakar gida kafin ya kawo, to ni da daddare nake saukewa lokacin garaɓasa. Kar ka rage hasken hoton ya yi ƙasa da yawa don tsimi, domin hotunan madubin ilektiron su ne zuciyar lakcar, in suka dushe besikul ɗin za su koma kamar ƙura ba za ka ga komai ba, ni 480 nake sawa in an zo wurin hoto.

A taurari biyar na ba su biyar ga ɗalibin jami'a mai karanta bayoloji ko bayokemistiri ko likitanci ko haɗa magani, da malamai irina, huɗu kuma ga wanda sha'awa ce kawai ta kawo shi saboda nauyin harshen. In za ka fara, ka ɗauki kashin farko na Ron Vale tunda shi ido yake gani ya gamsu, sai na Schekman a jere kar ka tsallake, sannan ka wuce shafin Nobel ka saurari Ohsumi, ka kuma karanta tarihin Schekman da ke can, akwai labarin yadda yana yaro ya yi ta tara kuɗin aikatau don ya sayi madubi iyayensa suna rantar kuɗin, har ya hau keke ya tafi ofishin ƴan sanda ya kai ƙara, madubin yana gidan tarihin Nobel yanzu. Na ba yarana wannan labarin ranar Juma'a, yarinyar nan ta baya ta biyo ni bayan an tashi tana tambaya ko yis ɗin da mamarta take fanke da shi zai ganu a madubin makarantarmu, na ce zai ganu, ta ɗebo cokali ɗaya ta zo da shi ranar Litinin, ni zan kawo suga da ruwan ɗumi.